In Kiɗa Ya Sauya: Akidun Jam'iyyun Sudan da Yadda Makaranta Take Koyar da Su

A shekarun da na yi ina koyar da tarihi a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a Gadarif, inda da yawa daga cikin ɗalibaina 'ya'yan Hausawa ne manoman dawa da riɗi, babu tambayar da ta zauna mini a rai kamar wadda wata yarinya ta yi mini ana saura makonni kaɗan a shiga jarrabawar shahada, wato ta kammala sakandare. Ta ce, "Ustaz, a wannan shafi an ce jam'iyyar Azhari haɗewa da Masar take nema, kuma ita ce ta ci zaɓe, amma a shafi na gaba ga hotonsa yana ɗaga tutar 'yancin kai. To, a ina ya sauya, kuma me ya sauya shi?" Littafin da ke hannunta bai yi ƙarya a ko ɗaya daga cikin shafukan biyu ba, sai dai ya bar giɓin da ke tsakaninsu a buɗe, kuma a ganina cikin wannan giɓi ne ilimin siyasar da ya kamata ɗalibi ya fita da shi daga makaranta yake kwance.

Jam'iyyun Sudan na farko sun tsiro ne daga ƙungiyar 'yan boko da aka kafa a 1938, wadda ake kira Mu'utamarul Khirrijin. Daga cikinta Isma'il al-Azhari da abokansa suka fitar da ƙungiyar Ashiƙƙa a 1943, masu kiran haɗin kan Kwarin Nilu, wato Sudan da Masar a inuwa ɗaya, sannan a 1945 aka kafa jam'iyyar Umma a ƙarƙashin kulawar Sayyid Abdurrahman ɗan Mahadi, da takenta na cewa Sudan ta 'yan Sudan ce. A 1952 ƙungiyoyin masu son haɗewa suka dunƙule a Alƙahira suka zama jam'iyyar Waɗani Ittihadi, wadda a zaɓen ƙarshen 1953 ta samu kujeru 51 daga cikin 97 na majalisar wakilai, Umma kuwa ta tsira da 22. Duk wanda ya dubi wannan sakamako a lokacin zai ɗauka maganar haɗewa ta tabbata. Amma tun Azhari bai cika shekara biyu a kujerar firaminista ba, majalisar ta zauna ranar 19 ga Disamba 1955 ta amince baki ɗaya da cikakken 'yancin kai, kuma ranar 1 ga Janairu 1956 shi da jagoran 'yan adawa Muhammad Ahmad Mahjub suka ɗaga tuta tare.

Ruwa ba ya tsami banza. Ranar 1 ga Maris 1954, da shugaban Masar Muhammad Najib ya zo Khartum bikin buɗe majalisa, dubban Ansar, mabiya gidan Mahadi, sun fito suna kiran 'yancin kai, aka yi arangama da 'yan sanda har aka rasa rayuka, kuma daga ranar kowa ya gane cewa tilasta haɗewa na iya jawo yaƙin basasa a Arewa kanta. A Nuwamban shekarar Jamal Abdunnasir ya kawar da Najib, mutumin da aka haifa a Khartum kuma 'yan Sudan suke jin sa a matsayin nasu, sai sha'awar Masar ta yi sanyi a zukata. A Agustan 1955 sojojin Kudu suka yi bore a Torit. Ban da waɗannan, mukaman da Turawa suka bari sun riga sun shiga hannun 'yan boko na Arewa, kuma wanda ya ɗanɗani mulkin kansa ba ya gaggawar miƙa shi ga Alƙahira. Akwai kuma abin da ya fi waɗannan zurfi, wato da yawa daga cikin masu kiran haɗewa, musamman mabiya ɗariƙar Khatmiyya ta Sayyid Ali al-Mirgani, sun riƙi Masar ne a matsayin sandar korar Ingila da kuma garkuwa daga tsoron kada gidan Mahadi ya kafa sarauta. Da Sayyid Abdurrahman ya bayyana goyon bayansa ga tsarin jamhuriya a 1953, Turawa kuma suka fara naɗe kayansu, sai sandar da garkuwar duka suka rasa aiki.

Wannan labari yana nuna abu na farko da littafin makaranta ba ya faɗa, wato akidar da jam'iyya take rubutawa a takarda sau da yawa amsa ce ga wata matsala ta wani zamani, kuma idan matsalar ta gushe amsar takan bi ta. Yana kuma nuna wani abu da ya keɓanci Sudan. Manyan jam'iyyun biyu sun tsaya ne a kan ɗariƙu, Umma a kan Ansar, Ittihadi a kan Khatmiyya, kuma mai jefa ƙuri'a a ƙauyen Kasala ko na Farin Nilu abin da yake jira shi ne ishara daga Sayyid, ba takardar manufofi ba. Inda biyayya take ga gida, shugabanni suna iya juya akalar jam'iyya gabas ko yamma ba tare da ƙuri'a ta ragu sosai ba. A 1956 Khatmiyya ta janye daga jam'iyyar Azhari ta kafa tata, har ta haɗa gwamnati da Umma, abokiyar hamayyarta ta jiya, sannan a 1967 ɓangarorin biyu suka sake haɗewa da sunan Ittihadi Dimukraɗi. Kalmar haɗewa tana nan cikin sunan jam'iyyar har yau, shekaru masu yawa bayan an daina neman abin da take nufi.

Mu da kakanninmu suka zo daga yamma muna da namu kaso a wannan lissafi. Tun zamanin Mahadi akwai alaƙa tsakaninsa da Hayatu ɗan Sa'idu, jikan Sarkin Musulmi Bello, kuma bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903 ɗansa Mai Wurno ya jagoranci jama'a har suka kafa Mayurno a gaɓar Shuɗin Nilu kusa da Sinnar. Wasu daga cikin waɗanda suka yi hijira sun zauna a Jazira Aba suna karanta Ratibi, wuridin Mahadi, suna noma a gonakin gidan Mahadi, don haka Umma ta gaje su ta hanyar addini kafin siyasa. Amma ga mafi yawan Hausawan Jazira da Gadarif da Kasala, akidar da ta fi shafarsu ita ce amsar da kowace gwamnati take bayarwa ga tambayar wane ne ɗan Sudan. Dokar jinsiyya, wato ta zama ɗan ƙasa, ta 1957 ta nemi mutum ya nuna cewa shi ko kakanninsa na wajen uba suna zaune a ƙasar tun ƙarshen 1897, daga baya a zamanin Numairi aka sauko da shekarar zuwa 1924, sannan a zamanin Inƙaz, wato gwamnatin Umar al-Bashir, aka kawo ta 1956. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye ya buɗe wa dubban iyalai ƙofar ƙuri'a da aikin gwamnati da mallakar fili, amma ban taɓa ganin an kawo su a darasin tarihi ba.

Tafiyar jam'iyyar Umma ta fi ta Ittihadi lanƙwasa. A Nuwamban 1965 ita da Waɗani Ittihadi da masu ra'ayin Musulunci suka haɗu a majalisa suka haramta jam'iyyar Kwaminis, bayan wani ɗalibi ya yi kalaman ɓatanci a wani taro a Umdurman, aka gyara tsarin mulki aka kori 'yan majalisarta da jama'a suka zaɓa. Kotu ta ce matakin ya saɓa wa tsarin mulki, gwamnati ta yi kunnen uwar shegu, babban alƙalin ƙasa Babikir Awadallah ya ajiye aiki a 1967, kuma shi ne aka naɗa firaminista ranar da Ja'afar Numairi ya yi juyin mulki a 25 ga Mayu 1969. A ƙarshen shekarun 1960 manyan jam'iyyun biyu suna goyon bayan daftarin tsarin mulkin Musulunci. A zaɓen 1986 shugaban Umma Sadiƙul Mahdi ya yi yaƙin neman zaɓe da shirin farfaɗowar Musulunci, yana kuma sukar dokokin Satumba, wato dokokin shari'a na Numairi, da cewa ba su kai darajar tawadar da aka rubuta su da ita ba, amma ya yi shekara uku a kan mulki bai soke su ba, har ma a 1988 ya shigo da jam'iyyar Hasan al-Turabi ta masu ra'ayin Musulunci cikin gwamnati. A Yunin 1995 a Asmara, Umma da Ittihadi suna gudun hijira, suka sa hannu tare da John Garang, jagoran 'yan tawayen Kudu, a kan cewa ba za a kafa jam'iyya a kan addini ba kuma Kudu tana da haƙƙin zaɓar makomarta. Har ya rasu a Nuwamban 2020, abin da Sadiƙu yake kira shi ne ƙasar farar hula wadda haƙƙi a cikinta yake bin zama ɗan ƙasa. Wanda ya bi wannan hanya daga farko zai lura cewa jam'iyyar ta fi kusantar tsarin addini a lokutan da take gasar ƙuri'a da masu ra'ayin Musulunci, ta kuma fi nisantarsa a lokutan da take buƙatar ƙawance da 'yan Kudu.

Mulkin Numairi shi kaɗai ya isa darasin zango guda. Ya zo da gurguzu, ya mayar da bankuna da kamfanoni hannun gwamnati a 1970, ya kai wa Ansar hari a Jazira Aba a Maris na shekarar, aka kashe jagoransu Imam al-Hadi. Bayan yunƙurin juyin mulkin Hashim al-Aɗa na 19 ga Yuli 1971, wanda hafsoshi masu ra'ayin Kwaminis suka yi, ya rataye shugabannin Kwaminis, ciki har da Abdulkhaliƙ Mahjub, ya juya ga Amurka da Masar ta Sadat, ya yi sulhu da Kudu a Addis Ababa a 1972, ya yi sulhu da Sadiƙu da Turabi a 1977, ya kafa dokokin Satumba a 1983, a shekarar da ta biyo baya aka yi masa mubaya'a a matsayin Imam, kuma ranar 18 ga Janairu 1985 aka rataye Mahmud Muhammad Ɗaha, jagoran ƙungiyar Jamhuriyya, bisa hukuncin ridda. Mafi yawan wannan juyi an yi shi ne a ƙarƙashin jam'iyya ɗaya tilo mai suna Ittihadul Ishtiraki, wato haɗin kan 'yan gurguzu, kuma ba a ga buƙatar sauya sunan ba ko a ranar mubaya'a.

Ana iya cewa jam'iyyun ɗariƙa da na soja ba su da akida mai ƙarfi tun asali, don haka sauyinsu ba abin mamaki ba ne. Sai dai waɗanda ake kira jam'iyyun akida ma ba su tsaya wuri ɗaya ba, bambancin kawai shi ne su sauyi yakan tsaga su gida biyu. Ƙungiyar Hasan al-Turabi ta shiga majalisar 1965 da sunan Jabhatul Misaƙ da kujerun da ba su kai goma ba, ta yi amfani da sulhun 1977 ta shiga bankunan Musulunci da jami'o'i da soja, ta fito a 1986 da sunan Jabha Islamiyya ta samu kujeru 51, ciki har da 23 daga cikin 28 da aka ware wa masu ilimin boko. Ranar 30 ga Yuni 1989 ta kifar da majalisar da take zaune a cikinta, kuma Turabi da bakinsa ya bayyana daga baya cewa ya ce wa Umar al-Bashir ya tafi fada a matsayin shugaba, shi kuwa ya tafi kurkuku a matsayin fursuna, don a ɓoye fuskar juyin mulkin. Bayan rabuwarsu a Disamban 1999, mutumin da aka yi yaƙin Kudu da sunan jihadi a ƙarƙashin jagorancinsa ya sa jam'iyyarsa ta ƙulla takardar fahimtar juna da ƙungiyar Garang a Fabrairun 2001, kuma a 2009 ya nemi Bashir ya miƙa kansa ga kotun duniya. Ɓangaren Bashir kuwa, wato Mu'utamar Waɗani, wanda ya sauki Usama bin Ladin a farkon shekarun 1990, shi ne ya yi aiki da hukumar leƙen asirin Amurka bayan 2001, ya amince wa Kudu da zaɓar makomarta a Machakos a 2002, ya yi shekaru yana ƙawance da Iran sannan ya aika sojoji Yaman a 2015 ya kuma yanke hulɗa da Tehran a farkon 2016. Ita ma ƙungiyar Garang ta fara a 1983 da manufar gurguzu da kiran Sabuwar Sudan dunƙulalliya, ta ƙare da ƙuri'ar raba gardama ta 2011 inda sama da kashi 98 cikin ɗari suka zaɓi ɓallewa.

A nan ya kamata a yi adalci, domin sauya ra'ayi shi kansa ba abin kunya ba ne. Duk ɗalibin fiƙihu ya san cewa Imam Shafi'i yana da tsohuwar magana ta Iraƙi da sabuwar magana ta Masar, kuma babu wanda ya kira shi mayaudari, saboda ya bayyana abin da ya bari da abin da ya koma gare shi da hujjar da ta mayar da shi. Jam'iyyar SPD ta Jamus ta yi babban taro a Godesberg a 1959 ta ajiye akidar Markisanci a bainar jama'a da ƙuri'ar wakilai, jam'iyyar Leba ta Ingila ma ta yi taro na musamman a 1995 ta sauya sashe na huɗu na tsarinta wanda yake kiran mallakar gwamnati. Masu karatu daga Kano za su tuna yadda PRP ta rabu zuwa santsi da taɓo a farkon shekarun 1980, kowane ɓangare yana faɗa a fili cewa shi ne magajin NEPU na gaskiya. Abin da ya yi ƙaranci a Sudan shi ne irin wannan bayani. Jam'iyyar Kwaminis ta yi babban taronta na huɗu a 1967, ba ta samu yin na biyar ba sai 2009, shekara 42 ke nan waɗanda a cikinsu Tarayyar Sobiyet ta rushe, kuma mafi yawan wannan jinkiri haramci da farauta ne suka jawo shi. Manyan jam'iyyun ma sun sha yin shekaru ba taro, ana yanke shawara a falon shugaba ko a otal a wata ƙasa, mabiya su wayi gari su ji a rediyo cewa abokin gabar jiya ya zama abokin tafiya.

Dalilin da ya sa makaranta ba ta koyar da wannan yana cikin lissafi mai sauƙi. Daga 1956 zuwa 2019 shekara 63 ne, kuma a cikinsu Ibrahim Abbud ya yi 6, Numairi ya yi 16, Bashir ya yi kusan 30, wato kimanin shekara 52 a hannun sojojin da kowannensu ya fara aiki da rushe jam'iyyu ya kuma sa wa juyin mulkinsa sunan juyin juya hali. Littattafan da muka karanta da waɗanda muka koyar an rubuta mafi yawansu a inuwar waɗannan gwamnatoci. Ba abin mamaki ba ne idan zamanin jam'iyyu ya fito a cikinsu a taƙaice, a matsayin lokacin rikici da ɗa'ifiyya, wato ɓangarancin ɗariƙu, da ya wajabta zuwan mai ceto. Cibiyar Bakhtur Ruda da ke kusa da Duwaim, wadda aka kafa a 1934 don horar da malamai da tsara manhaja, ta yi suna a dā da cewa ba ta fitar da littafi sai an gwada shi a aji an gyara, amma sannu a hankali siyasa ta riƙa yi mata gaggawa. A 1970 ministan ilimin Numairi, Muhyiddin Sabir, ya sauya tsanin karatu daga shekara huɗu sau uku zuwa shida da uku da uku. A farkon shekarun 1990 gwamnatin Inƙaz ta mayar da shi takwas da uku, ta rage shekara guda, ta shigo da abin da ta kira ta'asili, wato ɗora ilimi a kan tushen Musulunci, da shirin sake ƙera ɗan Sudan, ta narkar da tarihi cikin wasu darussa a matakin asasi, wato shekaru takwas na farko, ta sa darasin ilimin soja a sakandare, ɗalibai kuma suka riƙa sanya tufafi masu zanen kakin soja. Bayan faɗuwar Bashir a Afrilun 2019 aka sake komawa shida da uku da uku.

Abin da ya rage wa jam'iyyu a cikin irin wannan manhaja shi ne laƙabi. Ɗalibi yana haddace cewa Umma ta 'yancin kai ce, Ittihadi ta haɗewa ce, ya haddace shekarar kafawa da sunan wanda ya kafa, sannan labarin ya yi tsalle. Tsarin jarrabawa yana ƙara ɗaure wannan, domin tambayoyin sun fi karkata ga ambaci da lissafa, kuma malamin da ya ɓata darasi biyu yana tattauna dalilin sauyin Azhari ya san cewa babu makin da zai fito daga nan. Ga kuma tsoro, wanda duk wanda ya riƙe alli a waɗancan shekaru ya san shi. Na tuna wata shekara da aka kira ni ofis aka ja mini kunne don na ambaci korar 'yan majalisa ta 1965 a aji, aka ce in tsaya a kan abin da ke cikin littafi. Illar wannan tana bayyana bayan ɗalibi ya fita. Wasu sukan riƙe laƙabin har abada, su yi ta kare jam'iyya a kan abin da ta bari tun kafin a haife su. Wasu kuwa, da zarar sun gano cewa abin da aka haddasa musu bai dace da abin da suke gani ba, sai su yanke cewa 'yan siyasa duka maƙaryata ne, kuma mai wannan ra'ayi shi ne ya fi saurin tafa wa sanarwar soja da asuba.

Na yi fatan juyin 2019 zai gyara wannan, amma abin da ya faru ya ba ni takaici. An naɗa Umar al-Ƙarrai, almajirin Mahmud Muhammad Ɗaha, shugaban cibiyar manhaja ta ƙasa, kuma tun kafin littattafan su fito aka raba gari biyu a kan mutumin da akidarsa. Da littafin tarihi na aji shida ya fito da zanen Michelangelo na halittar Annabi Adamu a babin farfaɗowar Turai, limamai suka yi ca a kan mumbari, firaminista Abdullahi Hamdok ya dakatar da sabuwar manhajar a Janairun 2021, Ƙarrai ya ajiye aiki. Ina ganin sanya wannan zane a littafin yara 'yan shekara goma sha ɗaya a ƙasa irin tamu rashin dabara ne, kuma ya ba masu adawa makamin da ba su wahala wajen nema ba. Amma abin da ya fi damuna shi ne duk cikin wannan hayaniya an yi ta jayayya ne a kan wane ne zai rubuta littafin da kuma abin da za a cire a sa, ba a tsaya an tambayi yadda za a koyar da abin da mutane suka saɓa a kansa ba. Ko jam'iyyar Jamhuriyya ta Mahmud Muhammad Ɗaha da ake ta faɗa a kanta, ta fara ne a 1945 a matsayin jam'iyyar neman 'yancin kai da jamhuriya kafin ta rikiɗe ta zama ƙungiyar tunanin addini a farkon shekarun 1950, kuma da wuya a samu ɗalibi ɗaya cikin aji da ya san haka.

Jamusawa, waɗanda suka ga abin da cusa akida a makaranta yake haifarwa, sun zauna a garin Beutelsbach a 1976 suka daidaita a kan ka'idoji uku, wato ba a yarda malami ya danne ɗalibi da ra'ayinsa ba, abin da ake jayayya a kansa a siyasa da ilimi dole ya shiga aji a matsayin abin jayayya, kuma a horar da ɗalibi ya iya duba halin da ake ciki ya gane inda maslaharsa take. Ba na cewa a kwafo tsarinsu yadda yake, domin ajinmu mai ɗalibai sittin ko fiye da littafi ɗaya tsakanin yara uku ba irin nasu ba ne. Amma ka'ida ta biyu ba ta buƙatar kuɗi, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, tunda a zauren ilimi malami yakan kawo maganar Malikiyya da ta Shafi'iyya da hujjar kowa kafin ya faɗi wadda ya rinjayar. Iyaye da yawa suna tsoron kada siyasa ta shiga aji, kuma ina girmama wannan tsoro, sai dai siyasa ta riga ta shiga tun ranar da aka zaɓi abin da za a rubuta da abin da za a yi shiru a kansa.

Abin da na riƙa yi a shekarun da aka ɗan samu sarari shi ne in rubuta al'amura biyu a allo in bar ɗalibai su cike tsakiya. Misali, a Maris 1986 jam'iyyar Ittihadi ta ƙi shiga yarjejeniyar Koka Dam da aka yi da Garang wadda Umma ta sa wa hannu, amma a Nuwamban 1988 shugabanta Muhammad Usman al-Mirgani ya tafi Addis Ababa ya ƙulla tasa yarjejeniya da Garang ɗin, har da dakatar da hukuncin haddi na dokokin Satumba, a wannan karon kuma Sadiƙu ne ya yi ta jan ƙafa. Sai in tambaye su wane ne yake kan mulki a kowane lokaci, wa yake gasa da wa, me yaƙi ya ci a tsakanin shekarun biyu, me jam'iyyar ta yi asara saboda sauyin, kuma shin ta fito ta gaya wa mabiyanta dalili. Tambayar asara ita ce ta fi kawo muhawara, domin yara da kansu sukan gano cewa sauyin da mutum ya biya farashinsa ya fi kama da gaskiya fiye da wanda ya zo daidai da lokacin rabon kujeru, ko da yake wannan ma ba hukunci ba ne mai yankewa. Nakan kuma aike su gida su tambayi kakanni wa suka zaɓa a 1986 da dalili. Wata ta dawo ta ce kakanta ya zaɓi jam'iyyar da shehinsa ya nuna, wata ta ce nata ya zaɓi ɗan takarar da ya tsaya masa har ya samu takardar jinsiyya, wata kuma ta ce kakarta ba ta taɓa jefa ƙuri'a ba don sunanta bai taɓa shiga rajista ba. Ranar mun yi darasi a kan abin da kalmar goyon baya take nufi wanda babu littafin da zai ba mu shi.

Tun da yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 maganar manhaja ta koma baya, domin a Oktoban shekarar UNICEF ta ce yara kimanin miliyan 19 ba sa zuwa makaranta, kuma azuzuwa da yawa a Gadarif da Kasala sun zama masaukin waɗanda suka gudo daga Khartum da Madani da Sinja. Jarrabawar shahada ta 2023 ba a zauna ta ba sai ƙarshen Disamban 2024, kuma ɗalibai da yawa a Darfur da wasu yankuna ba su samu shiga ba. A cikin waɗannan shekaru jam'iyyun da suka tsaya a dandali ɗaya a 2019 sun sake rarrabuwa, Kwaminis ta fice daga haɗakar 'yanci da sauyi, wadda ta jagoranci juyin 2019, tun Nuwamban 2020, gidan Mirgani da gidan Mahadi kowanne yana da 'ya'ya a ɓangarori masu saɓani, kuma waɗanda suka yi zanga-zangar korar soja daga mulki wasunsu yau suna ɗauke da bindiga a gefensa. Yaran da ke kwana a azuzuwan nan sun ga wannan duka da idonsu da wayoyin iyayensu. Idan aka buɗe makarantu gaba ɗaya za a naɗa kwamitin da zai rubuta babin 2019 zuwa yau, kuma waɗanda za su karanta shi su ne waɗannan yara.